Fina-finan bayan yaƙin nukiliya sun koma yi wa yaranmu ƙarya

Ranar Asabar da ta wuce na leƙa ɗakin samarin gidanmu sai na tarar da ƙanena da abokansa uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon Fallout, shirin nan da Amazon ta saki a 2024, ana ta shewa. Da aka gama sai musu ya kaure, wai in bam ya sauka wa zai fi daɗewa a raye a cikinsu, wannan ya ce shi zai tara gwangwanayen kifi da katan-katan na taliya, wancan ya ce shi dai a ba shi bindiga ta ishe shi. Babu ko ɗaya da ya tuna da uwarsa ko ƙannensa. Tun ranar abin yake ci min rai, kuma ba yaran nake ganin laifi ba, abin da aka ɗora su a kai ke nan.

Yanzu yawancin fina-finan da ake yi kan rayuwa bayan yaƙin nukiliya zubinsu ɗaya ne. Ga uba jarumi da ya hango abin tun da wuri ya haƙa gida a ƙarƙashin ƙasa, ga mata da yara ya tusa su ciki ya rufe ƙofar ƙarfe, bayan wasu shekaru a fito fes, haƙora farare, gashi a gyare, a ɗauki bindiga a fara harbin mutanen da suka koma dodanni. An mayar da masifa mafi girma da ɗan Adam ya taɓa ƙera wa kansa kamar gem ɗin da ake bugawa a waya, wanda ya fi wayo ya wuce mataki na gaba. Kuma duk wannan a daidai lokacin da kowa ke jin yadda Rasha ke ambaton makamanta tun fara yaƙin Yukiren, ta dakatar da aiki da New START, yarjejeniyar taƙaita makaman nukiliya tsakaninta da Amurka, a 2023, ga Indiya da Pakistan da suka yi kwanaki suna harbin juna a watan Mayun 2025, dukkansu biyun kuma suna da bam ɗin.

Na san amsar da za a ba ni, wai ai fim ne kawai, nishaɗi ne, kar na ɗauka da zafi. Wasu kuma su ce ai shi ma Fallout sukar kamfanoni masu haɗama yake yi. To ni dai ban ga yaran nan sun tashi da wata sukar kamfani a bakinsu ba, bindiga da taliya suka tashi da su.

Mai cewa fim ba ya komai ya je ya karanta abin da ya faru a Amurka a watan Nuwamban 1983. Tashar ABC ta nuna The Day After, labarin talakawan jihar Kansas bayan an jefa musu bam, mutane wajen miliyan 100 suka kalla a dare ɗaya. Shugaba Ronald Reagan da kansa ya kalla tun kafin a haska shi, ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa fim ɗin ya bar shi cikin matsananciyar damuwa. Shekara huɗu bayan haka, a 1987, shi da shugaban Tarayyar Sobiyet Gorbachev suka sa hannu a yarjejeniyar kawar da makamai masu cin matsakaicin zango. Ba fim ɗin kaɗai ya kawo haka ba, amma ya taɓa zuciyar mutumin da maɓallin ke hannunsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yarjejeniyar nan fa ta mutu tun 2019.

Abin da ya sa fina-finan wancan zamani suka yi tasiri shi ne ba su yi wa iyali alƙawarin tsira ba. A shekarar 1983 ɗin dai aka yi Testament, babu wani ƙaton fashewa a ciki, haske ne kawai ya cika falo aka ji shiru. Uwa ce da 'ya'ya uku a wani ƙaramin gari a Kalifoniya, mijin ya tafi aiki bai dawo ba har fim ya ƙare. Gidajensu ba su rushe ba, amma guba ta riga ta shiga iska da ruwa, ƙaramin ɗanta ya fara zawo da zubar jini ya rasu, sai 'yar budurwarta ta bi. Akwai wurin da aka nuna uwar zaune ita kaɗai tana ɗinka wa 'yarta likkafani da zanin gado. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗaki ana yi wa nasa sutura ya san nauyin wannan hoton, ni kam sai da na dakatar da fim ɗin na fita tsakar gida na sha iska kafin na iya ƙarasawa.

Sai Threads na BBC a 1984, wanda har yau ban ga na biyunsa ba. A birnin Sheffield na Ingila, saurayi da budurwa na shirin aure tana da ciki, iyalai biyu, rayuwa irin ta kowa. Bayan bam matar ta haihu ita kaɗai a wani rumbun gona cikin sanyi, ba unguwarzoma ba reza, da haƙoranta ta yanke cibiya. Kuma fim ɗin bai tsaya nan ba ya bi su har shekara 13, a nan ne tsoron yake. Babu makaranta, babu asibiti, ana noma da hannu ƙasa ta ƙi bayarwa, uwar ta tsufa tun ba ta kai ba, yanar ido ta rufe mata gani ta mutu, 'yar da ta bari ko magana ba ta iya sosai ba saboda babu wanda ya zauna ya koya mata. Wato ko an tsira da rai, tarbiyya da zumunci da harshe duk sun tafi. To ina iyalin da aka ce ya tsira?

Kar wani ya ce ƙirƙira ce ta marubuta. A Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945 bam guda ɗaya aka jefa, kafin shekarar ta ƙare mutum wajen 140,000 sun mutu, kuma na yanzu sun ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ga shi duniya na da kusan 12,000 a hannun ƙasashe tara. Waɗanda suka rayu ma ba su huta ba. Fim ɗin Japan na 1989 mai suna Black Rain ya nuna yarinyar da baƙin ruwan saman da ya biyo bayan bam ya zubo mata, kawunta ya yi ta yawo har da takardar likita yana nema mata miji, duk wanda ya zo da ya ji labari sai ya janye. Haka aka yi wa mata da yawa a zahiri, ana gudun kar su haifi nakasassu. Mu da muka san yadda ƙaramar magana ke ɓata wa yarinya aure ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ƙungiyar waɗanda suka tsira ɗin, Nihon Hidankyo, ita aka ba kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024, tsofaffi ne da suka ƙare rayuwarsu suna roƙon a saurare su. A shekarar ne kuma aka yi wa Oppenheimer ruwan kyautar Oscar har bakwai, fim na awa uku kan wanda ya ƙera bam ɗin, amma bai nuna ko gida ɗaya na Hiroshima ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu da ke kallo daga nan muna ɗauka rigimar manya ce can nesa. Faransa a Saharar Aljeriya ta fara gwada nata bam ɗin, kusa da Reggane, a Fabrairun 1960, hamadar da iskar hunturunmu ke tasowa daga cikinta, ci gaba da gwaje-gwajen da ta yi ne ya sa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961. Iyayenmu sun fi mu fahimtar abin. Kuma ko bam bai faɗo kusa da mu ba yunwa za ta same mu har gida, domin hayaƙin biranen da suka ƙone zai tare rana na shekaru, sanyi ya sauka, damina ta rikice. Binciken masanan jami'ar Rutgers da ya fito a 2022 ya ƙiyasta cewa cikakken yaƙi tsakanin Amurka da Rasha zai iya kashe sama da mutum biliyan 5 da yunwa kawai. Mun ga yadda yaƙin Yukiren da ba na nukiliya ba ya ɗaga kuɗin taki da fulawa har burodi ya gagari wasu gidaje, to ina ga ranar da gero ya ƙi fitar da kai shekara uku a jere. Wane gidan ƙarƙashin ƙasa ne zai ɗauki magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma sha da tsohuwarsa, me kuma za su ci in sun fito?

Masu fassara mana fina-finan Indiya da na Koriya zuwa Hausa dare da rana, don Allah ku ɗauki Threads ko Testament ku fassara ko da guda ɗaya ne, gidajen talabijin kuma su haska a watan Agusta lokacin tunawa da Hiroshima. Ni dai na riga na tura wa ƙanena Threads a waya, na ce ya kira abokan nan nasa uku su kalla tare a ɗakin, ya zo ya same ni bayan sun gama.