Git daban, GitHub daban

Yawancin yaran da ke koyon rubuta manhaja a nan Kano, har da 'yan BUK, sun ɗauka Git da GitHub abu ɗaya ne, wallahi ba haka bane. Git manhaja ce da wani masanin kwamfuta, Linus Torvalds, ya rubuta a 2005, a cikin kwamfutarka take zaune tana ajiye tarihin duk canjin da kayi wa aikinka, ko data ta ƙare ko netwok ya ɗauke zaka cigaba da commit abinka, wato ajiye canjin da kayi a tarihin, lafiya lau. GitHub kuwa shafi ne a intanet da ake ajiye ayyukan Git a kai, 2008 aka buɗe shi, Microsoft ta saye shi 2018. Sai zaka tura aikin can ko ka jawo na abokan aikinka ne kake buƙatar data.