Kunyar nan tamu ita ke rufa wa masu lalata da yara asiri

Jama'ar Maradi, maganar da muke gudu a gidajenmu yau zan yi ta. Muna koya wa ɗiyanmu gaisuwa da alwala da tsallaka titi, amma ba mai iya zaunar da ɗiyarsa 'yar shekara 5 ya ce mata jikinki naki ne, inda wando ya rufe ba wanda ke da izinin taɓawa ko kallo, ko da kawu ne ko malam ne ko mushe na lakwal. Wai kunya. Alhali addininmu ya yi bayanin al'aura ƙarara, har da raba wa yara shimfiɗa a shekara 10.

Kuma mu daina tunanin baƙo ne zai faɗo daga sama, galibi wanda yaron ya sani ne, maƙwabci, mai butik na bakin layi, ɗan uwan da ke kwana cikin gida, shi ne mai farawa da alawa da dala biyar, sannan ya ce kar ki faɗa wa inna, in kin faɗa za ta kashe ki. Yarinya kuwa ta yarda, don ta san in ta fasa kofi ma duka take sha, to ina ga wannan? Iyaye mata don Allah ku sassauta, yaron da ke tsoronki ba zai kawo miki ƙara ba. Ku koya musu cewa duk babban da ya ce a ɓoye wa inna magana, ranar nan za a faɗa mata.

Ga 'yan talla da muke turawa tasha har bayan isha'i, ga almajirai maza da ba mai tambayar inda suka kwana, su ma ana lalata su.

In abin ya faru a kai yaro gidan likita nan take, maganin kariya daga sida cikin awa 72 yake aiki, daga nan sai kwamisariya ko jandarma. Dokar Nijar ta tanadi kaso na shekara 15 zuwa 30 ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 13 fyaɗe, amma mu sai a taru a zaure a ce a yi haƙuri a rufa asiri don kar yarinya ta rasa miji. Asirin wa aka rufa? Gobe yana zaune bakin layi da alawarsa, ɗiyar wani ta zo wucewa.

Limamanmu, huɗubar juma'a ɗaya a kan wannan ba ta fi ƙarfinku ba.