Dabbar ruwa mai kiwon ciyawa ba sai ta zama kifi ba

Masu ƙirƙiro dabbobin da babu su, suna hasashen yadda halittu za su iya sauyawa nan gaba, da yawa sun ɗauka wai duk dabbar tudun da ta koma ruwa kiwo dole ta dinga numfashi irin na kifi. Gaskiya ba haka bane. Ku duba ayu mana, danginsa na kusa giwa ce, har yau da huhu yake numfashi, sai ya leƙo sama ya shaƙi iska, ƙasusuwansa kuma masu nauyi ne sosai don su riƙe shi a ƙasan ruwa wajen ciyawa, haƙoransa ma in yashi ya cinye su wasu ne ke turowa daga baya. Abin da ke damuna kenan, a zana dabbar da fikafikan kifi a manta da haƙori.