Kafin tsawar bana ta ci inbatarka

Duk wanda ya yi damina a Jos ya san tsawar garin nan ba ta wasa ba ce. Muna zaune a kan tudu, sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba hadari ba ya ɗaga mana ƙafa. In aka kwana ana ruwa da walƙiya, washegari ka leƙa shagunan masu gyara a Dilimi ko Taminus, za ka tarar da talabijin, dikoda da inbata jibge. Kowa na cewa aradu ce, haka Allah ya ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce. Amma da yawa daga cikin kayan nan, wayarin ɗin gidan ne ya bar su ba kariya, kuma wannan aikin hannunmu ne.

Ba sai aradu ta faɗa kan rufinka ba. In ta sauka kusa da layin wuta, ko da a wata unguwa ce, tana cusa dubban bolt cikin wayar, su biyo ta har soket ɗin ɗakinka. Wutar gida bolt 230 ce. Wannan bugun kuwa yana zuwa ya wuce cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa ya soya allon da ke cikin na'ura. Ƙananan irinsa na faruwa kullum, lokacin da aka maido wuta ko babban inji ya tashi a maƙwabta, suna cin kayan a hankali.

Mutane da yawa sun dogara da sitabilaiza. Ita aikinta daidaita wutar da ta yi ƙasa ko sama a hankali, kafin ta motsa bugun ya riga ya wuce. Fis da bireka kuma lodi suke gadi, kada waya ta yi zafi ta kama da wuta. Abin da aka ƙera don wannan matsala shi ne SPD, wata 'yar na'ura mai kama da bireka da ake ɗaurawa a akwatin rarraba wutar gida. Muddin wuta na tafiya daidai, tana zaune shiru. Da ƙarfin ya haura, nan take ta buɗe masa hanya ya zube cikin ƙasa. Kala uku ce: ta ɗaya ga ginin da ke da sandar kama aradu ko wanda ke fuskantar bugu kai tsaye, ta biyu a akwatin gida, ta uku kusa da na'ura mai tsada. Wayoyin da suka haɗa ta kada su wuce rabin mita, domin dogayen wayoyi na rage mata amfani.

To amma ta zube cikin wace ƙasa? Nan ne abin ya fi damuna. SPD ba tare da at mai kyau ba, wato wayar da ke haɗa wayarin ɗin gida da ƙasa, kamar kwata ce da aka gina ba a fitar mata da baki waje ba. Ku buɗe soket a gidajen haya da yawa, waya biyu za ku gani, ta ukun mai kore da rawaya babu ita, an rage kuɗi. Inda aka sa ta kuma, wani lokaci an ɗaure ta ne a ɗan guntun rodi da aka soka a bayan ɗaki. Ƙasar Jos dutse ce a wurare da yawa, kuma dutse ba ya karɓar wuta da sauƙi, don haka sanda ɗaya ba lallai ta isa ba. Ana iya buƙatar sandunan tagulla biyu ko uku a haɗe, a wuri mai danshi. Gishiri da gawayin da aka saba zubawa a ramin suna taimakawa da farko, sai dai ruwa na wanke gishirin, shi kuma yana cin ƙarfen. At aunawa ake yi da na'urar awo, a rubuta abin da aka samu, kuma gara a auna da rani lokacin da ƙasa ta bushe. Mai wayarin da bai taɓa auna at ɗin da ya binne ba, fata kawai yake sayar maka.

Wasu ƙasashe sun mayar da zancen doka. A Ingila, bugu na 18 na ƙa'idojin wayarin, BS 7671, ya fito a 2018, gyaran 2022 kuma ya sa SPD ta zama abin da ake sakawa a sabon aiki, sai dai in mai gida ya ƙi kuma ya ɗauki nauyin asarar kayansa. A Amurka, ƙa'idar NEC ta 2020 ta wajabta ta a mashigar wutar gidajen zama. Mu ma ba a sake muke ba. NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki a Najeriya, ta fitar da ƙa'idojin wayarin na NESIS a 2015, a shekarar ce kuma dokar kafa NEMSA ta fito, hukumar da ke duba wayarin da ba masu aikin shaidar ƙwarewa. Tambayar da ya kamata mai gini a Rikkos ko Bukuru ya yi ita ce: wanda na ba aikin yana da wannan shaida?

Akwai wata matsala daban da ake rikitawa da wannan. In wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke, ko ɓarayin tagulla suka yanke ta a taransifoma, wutar gida na iya hawa kusan bolt 400 ta zauna a haka. SPD ba ta maganin wannan, ita ma ƙonewa za ta yi. Abin da ake buƙata na'urar da ke katse wuta in ta wuce ƙima, irin wadda aka sani da AVS. Gida na bukatar duka biyun.

Masu sola, ku kuka fi kowa abin asara. Mutum ya kashe miliyoyi kan fanel, batir da inbata, ya shimfiɗa ƙarfe a saman rufi, sannan ya ƙi abin da bai kai kuɗin fanel ɗaya ba. Ɓangaren fanel na da tasa SPD ta DC, wato irin wutar da fanel ke bayarwa, ba a sa masa ta wutar NEPA, kuma firam ɗin ma sai an haɗa shi da at. Wanda ya riga ya saka, ya duba 'yar tagar da ke jikinta bayan kowace babbar tsawa. In ta koma ja ta gama aiki, a canja.

'Yan'uwana masu wayarin, ku riƙa rubuta at da SPD a cikin lissafin kuɗin aiki tun farko, ku yi wa Alhaji bayani da Hausar da zai gane. In ya ce a cire, ya sa hannu a takarda cewa shi ya ce a cire.