Karatun tattalin arziki a waje: Mile 12 ta ba ka tambaya, saura lissafi

Daga watan Agusta zuwa ƙarshen shekara ne yawancin jami'o'in Turai da Amurka da hukumomin tallafin karatu ke buɗe ƙofar neman gurbi. A wannan tsakanin za ka ga matasanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende, waɗanda suka gama digirin farko a Jami'ar Legas ko Jami'ar Jihar Legas (LASU), ko suka dawo daga Kano da Zariya, suna ta kai-komo: wannan na bin takardar sakamako, wancan na roƙon malami ya rubuta masa wasiƙar shaida. Da yawansu fannin tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa suke so, kuma a ganina sun yi zaɓi mai kyau. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta fitar a 2022 ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban a Najeriya, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. Idan akwai al'ummar da ya kamata ta mallaki masana a wannan fanni, mu ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake shiga neman. Ana raina abin da ake da shi a hannu, ana guje wa abin da jami'o'in suka fi dubawa, daga ƙarshe kuma a juya kan dukiyar gida.

Matasanmu kaɗan ne suka san cewa da rayuwar Bahaushe aka gina wani yanki na wannan ilimi. A 1988 zuwa 1989 masanin tattalin arziki Christopher Udry ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya yana bin diddigin yadda manoma ke ba juna bashi. Ya tarar yawanci babu takarda, babu jingina, kuma abin da ake biya yana sauyawa da halin da aka shiga: idan gonar mai cin bashi ta lalace sai a sassauta masa, idan kuma mai ba da bashin ne ya gamu da tsautsayi sai a biya shi da ƙari. Wato bashin da kansa yana aikin inshora. Har yau ana koyar da wannan bincike a manyan jami'o'i. Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar ta nuna cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Tun kafin su, a farkon shekarun 1960, Abner Cohen ya yi nazarin yadda masu gida a Sabo ta Ibadan ke tsaya wa mahauta su ɗauki shanu bashi. Ba na ƙyashin waɗannan masana, sun yi aiki tuƙuru. Amma mu ne masu amsa tambaya, mu ne tafintoci, mu ne masu yawo da takardar tambayoyi, sunan wani ne kuma a saman binciken.

To ka je Mile 12, babbar kasuwar kayan gwari ta Legas, da asuba lokacin da ake sauke tumatir daga tirela. Dillali ya ɗaga wa 'yar kasuwa Bayarbiya kwando biyar, babu rubutu sai a ɗan littafinsa, za ta kawo kuɗi da yamma ko jibi. Mai kayan yana Kano ko Kaduna, waya kawai yake jira. Idan motar ta kwana a hanya kaya suka ruɓe, wa zai ɗauki asarar, manomi, mai mota ko dillali? Nawa ake kashewa a shingayen hanya kafin kaya su iso, kuma kashi nawa na wannan kuɗi ke komawa kan mai saye? Me ya faru da la'ada da yawan bashi bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambaya ce da za a iya gina digiri a kanta, kuma yaron da ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa littafin bashi ya fi kowane baƙo sanin inda amsar take. Haka abin yake a mayankar Oko-Oba, da wajen 'yan canji.

Sai dai idan wannan yaron ya zauna rubuta takardar bayanin manufarsa, sai ya buɗe da cewa tun yana ƙarami yake burin kawar da talauci a Afirka. Masu tantancewa suna karanta irin wannan jimla ba adadi. Da zai ba su shafi ɗaya kan yadda ake raba asarar tumatir, da irin bayanan da zai tattara don gwada hasashensa, da sun gane mai bincike ne ke magana.

Tambaya kaɗai kuma ba ta shigar da mutum. Wannan fanni ya koma na lissafi da ƙididdiga, musamman bayan da gwajin manufofi a fili ya yi ƙarfi, aikin da ya kai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer ga kyautar Nobel a 2019. Mai duba takardunka zai fara ne da makin da ka samu a kalkulas da aljabara da ƙididdiga. Jami'o'i da dama na neman jarrabawar GRE, kuma a ɓangaren lissafinta, wanda ƙololuwarsa maki 170 ne, manyan sassan tattalin arziki na son ganin ka kusa da ƙarshe. Wanda ya san yana da rauni a nan, gara ya jinkirta shekara guda ya gyara. Akwai kwasa-kwasan MicroMasters na jami'ar MIT ta Amurka da cibiyarta ta binciken yaƙi da talauci, J-PAL, da ake yi ta intanet, kuɗinsu na bin ƙarfin samun mutum, kuma wanda ya yi fice zai iya neman shiga digiri na biyu a MIT ɗin. Koyon manhajar ƙididdiga irin Stata ko R da yin aiki a ƙarƙashin mai bincike na haifar da wasiƙar shaida mai nama, daga wanda ya ga aikinka da idonsa. Wasiƙar babban mutum da bai san ka ba sai a gaisuwar Juma'a ba ta da wani nauyi a wurinsu.

Maganar kuɗi ce ta fi tayar min da hankali. Digiri na biyu a manyan jami'o'in Ingila kan ci fam 25,000 zuwa sama, kuɗin makaranta kaɗai, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 fam ɗaya ya taɓa haura naira 2,000. Yaro ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, sun ba ni gurbi, kuɗi kawai ya rage." Uba kuma, don kada a ce ya tauye ɗansa, sai ya fara tunanin sayar da fili a gida ko taɓa jarin shago. Ina roƙon iyaye su tsaya su yi tambaya tukuna. Samun gurbi daban, samun tallafi daban, kuma albashin da ke jiran mai wannan digiri a Najeriya ba zai mayar da naira miliyan 50 cikin 'yan shekaru ba. Tun Janairun 2024 ma Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyali, Amurka kuma ta ƙara tsaurara biza ga 'yan Najeriya.

Hanyoyin tallafi na nan, amma suna son haƙuri. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na neman gogewar aiki ta awa 2,800, kimanin shekara biyu, da alkawarin komawa gida na shekara biyu. Shirin DAAD na Jamus kan kwasa-kwasan raya ƙasa na neman aikin shekara biyu, na Japan da Bankin Duniya kuma shekara uku. Digiri na uku a manyan jami'o'in Amurka galibi su ke biya, har da kuɗin zama.

Wasu za su ce duk wannan shirin guduwa ne, wanda ya tafi ba ya dawowa. Akwai gaskiya a ciki, don wasu ba sa dawowa. Amma mai binciken da tambayarsa ke Mile 12 dole ya riƙa dawowa Mile 12, domin nan bayanansa suke. Kuma ba lallai sai Turai ba: ƙungiyar binciken tattalin arzikin Afirka, AERC, da ke Nairobi, wadda aka kafa a 1988, tana gudanar da digiri na uku na haɗin gwiwa da jami'o'in Afirka, ciki har da Jami'ar Ibadan, wadda ke kusa da Legas, a mota ko a jirgin ƙasa.