"Ai na ji sauƙi" ba hujja ba ce: batun gwajin inhelar asma

Ɗan yayata shekararsa 14 kuma yana da asma, abin da tsofaffinmu ke ce wa fuka. Da hunturu ya kama ƙura ta tashi, tsakar dare sai ka ji ƙirjinsa na fito kamar ana busa usur a hankali, ya zauna bakin katifa ya dafa gwiwoyi, kafaɗu na ɗagawa suna sauka, magana ma sai kalma ɗaiɗai. Uwar ta lalubo shuɗiyar inhelar nan ta salbutamol a ƙarƙashin filo, ta girgiza, ya shaƙa sau biyu, kafin minti goma yaro ya koma barcinsa. To wa ya isa ya ce wa wannan uwar maganin nan shi kaɗai bai wadatar ba, alhali da idonta ta gani?

Ni dai na faɗa mata, kuma mun sha musu. Don a harkar asma, jin sauƙin marar lafiya shi ne shaidar da ta fi kowacce yaudara, kuma ba ni na ƙirƙiro wannan ba.

A 2011 wasu likitoci a Amurka sun yi wani ɗan gwaji da masu asma ba su kai 50 ba. Wani zuwan a ba mutum inhela ta gaske, wani zuwan a ba shi ta bogi wadda ba magani a ciki, wani zuwan a yi mai tsiren allura irin na 'yan Sin amma na ƙarya, wani zuwan kuma a bar shi zaune kawai. Da aka tambaye su ya suka ji, masu ta gaske suka ce sun samu sauƙi kamar kashi 50 cikin 100, masu ta bogi suka ce 45. Kusan ɗaya kenan fa. Amma da aka sa su hura na'urar da ke auna yawan iskar da mutum ke iya fitarwa a daƙiƙa ɗaya, ta gasken ta ƙara kashi 20, sauran duka kashi 7 ne kacal. Baki ya ce an warke, huhu ya ce da sauran aiki.

Abin da ke faruwa a ƙirjin mai asma kashi biyu ne. Akwai tsukewar hanyoyin iska, akwai kuma kumburi da majina a cikinsu, wanda shi ne tushen ciwon. Shuɗiyar inhela tsukewar take saki, ba ruwanta da kumburi, shi kumburin sai maganin da ake ce wa sitiroyid na shaƙa, wanda ba ka jin komai lokacin da ka shaƙe shi, shi ya sa mutane ke watsar da shi su ce ba ya aiki, su riƙe wadda ke buɗe ƙirji nan take suna ta fesawa ciwo na ci ta ciki.

An ga ƙarshen wannan da gawarwaki. A shekarun 1960 mace-macen masu asma suka yi tashin gwauron zabi a Ingila da Ostireliya da New Zealand, aka bi diddigi aka danganta abin da wata inhela mai ƙarfi ta isoprenaline. Abin ya sake dawowa New Zealand daga 1976, wannan karon da fenoterol, kuma sai a 1989 masu bincike na can suka fito da alaƙar, aka yi ta ja da su, da aka taƙaita maganin kuwa mace-macen suka sauka. Duk waɗannan magungunan suna buɗe ƙirji, wanda ya shaƙa zai rantse maka ya ji daɗi.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na salmeterol, mai buɗe ƙirji na tsawon awa 12. A 1996 aka fara babban gwajinsa a Amurka, mutum sama da 26,000, rabi aka ƙara musu shi a kan magungunan da suke sha, rabi aka ba su na bogi, ba likita ba marar lafiya ba wanda ya san me ke hannunsa. A 2003 aka tsayar da gwajin. Mutum 13 asma ta kashe a ɓangaren salmeterol, 3 a ɗaya ɓangaren, kuma haɗarin ya fi fitowa a tsakanin baƙaƙen fata. Ka duba lissafin nan da kyau, ƙarin mutum 10 ne a cikin 13,000. Wane likita ne a ɗakin duba marasa lafiya zai iya hango wannan? Ko shekara 30 ya yi yana rubuta maganin, abin da zai gani kawai mutane na dawowa suna godiya, wanda ya mutu a gida kuwa a ce kwana ne ya ƙare. Sai an tara dubbai, an raba su ta hanyar ƙuri'a, an zauna an ƙirga.

Kuma gwaji ne dai ya wanke maganin daga baya, wannan ɓangaren mutane ba su cika faɗa ba. Hukumar FDA ta Amurka ta tilasta wa kamfanoni su sake wasu manyan gwaje-gwaje da mutum sama da 40,000, a wannan karon an haɗa mai buɗe ƙirjin da sitiroyid a inhela ɗaya, ba a ga wani ƙarin haɗari na a zo a gani ba, a Disambar 2017 aka cire babban gargaɗin daga kan waɗannan haɗaɗɗun. Ashe barin sa shi kaɗai ne matsalar. A 2018 wani gwajin da mutum kusan 3,800 masu asma marar tsanani ya nuna haɗin sitiroyid ɗin budesonide da mai buɗe ƙirji formoterol, a shaƙa lokacin da ake buƙata, ya rage mummunan tashin ciwon da kashi 64 idan aka kwatanta da mai buɗe ƙirji zalla. Shekara ɗaya bayan nan GINA, masu fitar da ƙa'idar kula da asma ta duniya, suka daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da irin shuɗiyar nan ita kaɗai, bayan an shafe gomman shekaru a kan haka.

Na san abin da wani zai ce, musamman Bakano. Gwajin magani? Mu da muka ga abin da ya faru a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan da yara 200 a Kano, kusan rabi aka ba su shi, sauran aka ba su wani maganin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a? Wannan tsoron yana da tushe, ban raina shi ba. Kuma gaskiya ne yawancin gwaje-gwajen nan kamfanonin da ke sayar da maganin ne ke biyan kuɗinsu. Amma ka lura, shi ma gwajin salmeterol ɗin kamfanin ne ya biya, kuma sakamakon ya fito duk da bai yi musu daɗi ba, saboda akwai hukuma a tsaye a kansu. Abin da ya kamata mu nema kenan daga NAFDAC da kwamitocin da ke ba da izini a asibitocin koyarwa, a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya amince da kansa, a fitar da sakamako ko mai ɗaci ne. Gudun gwaji gaba ɗaya ba ya kare mu, sai dai ya bar mu muna shaƙar abin da aka auna a jikin wasu, a ƙasashen da ba hunturu ba hayaƙin icen girki ba janareto a bakin taga.

Kuma in an yi a gida ana samun abin amfani. A 1999 a Cape Town ta Afirka ta Kudu likitocin yara suka gwada robar lemo ta mililita 500, a huda gindinta a zura bakin inhela a toshe gefen, yaro ya shaƙa ta bakin robar, suka tarar tana aiki kamar mazurarin kanti mai tsada da ake maƙala wa bakin inhela wajen kai magani huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce asma ta kashe mutum 455,000 a 2019, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, irin waɗannan tambayoyin na roba da farashi su ne namu, ba wanda zai zo ya amsa mana su.

Kar wani ya karanta wannan ya je ya jefar da shuɗiyar inhelarsa, a'a, in numfashi ya sarƙe ita ce ke ceto. Yayata ma tana nan da tata ƙarƙashin filo. Abin da ya canza shi ne ta kai yaron asibiti, ta faɗa wa likita inhela nawa suka ƙarar tun farkon sanyi, aka ƙara mai ta kullum, safe da dare, ya kurkure baki bayan ya shaƙa. Har yanzu tana mitar wai wannan sabuwar ba ta ga tana yin komai ba, ga tsada.