Ƙofar da ba ta rufewa

Wani dare cikin sanyin Janairu, wajen ƙarfe biyu, uwargida ta tashe ni. "Maigida, taɓa yarinyar nan ka ji." Jikin kamar garwashi, numfashi sama-sama. A nan Amurka ba a ƙwanƙwasa wa mai kemis ƙofa da tsakar dare, ba kuma maƙwabcin da zai ce bari in kira muku ɗan'uwana nas. Muka naɗe ta a bargo, muka nufi sashen gaggawa na wani asibiti da ba zan faɗi sunansa ba.

Cikin minti kaɗan nas ta maƙala mata wani ɗan abu a yatsa, ta auna zafin jiki, ta ɗaura mata zoben roba mai ɗauke da suna a wuyan hannu, ta ce mu zauna. Zaman ke nan har aka yi asuba. Wani dattijo da ya shigo bayanmu dafe da ƙirji, ko zama bai yi ba aka wuce da shi ciki. Wannan ban ga laifinsa ba. Abin da ya ci mini rai shi ne sauran jama'ar: mai ciwon haƙori, mai tari, wata mata sanye da kayan aikin wani kantin abinci tana rungume da yaro mai ciwon kunne. Na ce a raina, waɗannan me ya hana su jira gari ya waye?

Washegari na ba wani abokina labari, ya ce, "Ai Malam, masu inshorar gwamnati ne. Tun da ba daga aljihunsu ba ne, ko mura ce sai gaggawa." Na gyaɗa kai. Yau na zo in janye wannan gyaɗa kan, kuma alƙaluman gwamnatin ƙasar ne suka sa ni.

Daga 1992 zuwa 2022 cibiyar ƙididdigar lafiya ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da wani bincike kan masu zuwa asibiti da ake kira NHAMCS. Tsarinsa babu wani ƙaƙale: a zaɓo asibitoci ɗaruruwa daga sassan ƙasar, kowanne a ware masa mako huɗu, ma'aikatan hukumar ƙidaya su je su tsamo wasu daga cikin fayilolin marasa lafiya, su kwafi shekaru, abin da ya kawo mutum, tsawon jiran da ya yi, maganin da aka ba shi, wanda zai biya, da kuma ko an kwantar da shi ko an sallame shi. Ba a ɗaukar suna. Daga wannan samfurin ake ƙiyasta na ƙasa baki ɗaya. A lura, zuwa ake ƙirgawa, ba mutum ba. Wanda ya je sau biyar a shekara, biyar za a rubuta.

A shekarar farko an ƙiyasta zuwa sashen gaggawa kusan sau miliyan 90. A 2019 ya kai wajen miliyan 151. Da korona ta shigo a 2020 ya faɗo zuwa miliyan 131, don mutane sun ji tsoron asibiti, sannan a 2022 ya haura miliyan 155, wato kimanin zuwa 47 ga kowane mutum 100. A cikin waɗannan duka, waɗanda aka ba gado ba su kai ɗaya cikin bakwai ba. Ciwon ciki ne kan gaba a abin da ke kawo mutane, ciwon ƙirji na bi masa. Jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya da tsofaffi daga 75 zuwa sama su suka fi kowa zuwa. Kuma e, abokina bai yi ƙarya ba: masu Medicaid, inshorar da gwamnati ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi, sun ninka masu inshorar kamfani zuwa gaggawa sau da yawa.

Inda muka raba hanya shi ne dalilin.

A 1986 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ake kira EMTALA. Ta wajabta wa duk asibitin da ke karɓar kuɗin Medicare, inshorar da gwamnati ke yi wa tsofaffi, kuma yana da sashen gaggawa ya duba duk wanda ya zo, ya kuma ceto shi daga haɗari, ko da sisi ko babu. Kafin dokar, asibitoci kan tura talaka gaba tun yana zubar da jini. To a duk faɗin tsarin lafiyar Amurka, wannan ce kaɗai ƙofar da doka ta hana rufewa. Likitan unguwa yana da damar ya ce ba ya karɓar Medicaid, kuma da yawa suna faɗin hakan, saboda kuɗin da gwamnati ke biyansu bai kai na kamfanoni ba. Wanda ya karɓa kuma, ofishinsa na rufewa da yamma, daidai lokacin da matar nan mai kayan kanti take tsakiyar aiki. Dokar tarayya ba ta tilasta wa masu kamfani su biya ma'aikaci ranar da ya yi jinya ba. In ta ɗauki rana, kuɗin ranar ya tafi. Ina za ta kai yaron in ba inda fitila ke kunne da ƙarfe uku na dare ba?

Ba zan ɓoye abin da ya so ya rushe mini hujja ba. A 2008 jihar Oregon ta raba gurbin Medicaid ta hanyar ƙuri'a, masu bincike suka bi sawu, suka tarar waɗanda suka samu inshorar sun ƙara zuwa gaggawa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Abokina zai ce ka gani ko. Ni abin da na gani daban ne: an ba mutum kati, ba a ƙara masa likita ba, ba a kuma sauya masa lokacin tashi daga aiki ba. Tsoron takardar biyan kuɗi ne kawai ya kau, sai ya kai ciwon da ya daɗe yana dannewa.

(Mu ma a Najeriya dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa. Wanda ya taɓa tsayawa a layin yankar kati da mara lafiya a kafaɗa ya san tsakanin takarda da aiki akwai tafiya.)

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin binciken nan shi ne rabinsa da aka yar a hanya. Da can yana ƙirga har sashen da ake ganin likita da rana a koma gida; a 2011 an samu zuwa kusan miliyan 126 a can, gaggawa kuma miliyan 136. Daga 2018 aka bar gaggawa kaɗai, bayan 2022 kuma aka rufe binciken, aka koma wani sabon tsari da ke kwasar bayanai kai tsaye daga kwamfutocin asibiti. Ban ƙi kwamfuta ba. Amma cunkoson dare inuwa ce ta abin da bai samu ba da rana, kuma wanda ya ƙirga na dare kaɗai, laifin masu zaman jira kawai zai gani, kamar yadda na gani a daren nan.

Yarinya dai ƙwayar cutar mura ce, aka ba mu maganin zazzaɓi, aka ce mu kai ta wurin likitanta cikin kwana biyu. Da hantsi na buga waya. Mai amsawa ta duba kwamfutarta, ta ce gurbi mafi kusa sai nan da mako uku. Na ce in zazzaɓin ya dawo fa? Ta ce, "Sai ku je gaggawa."